Yadda na dafa burkutun gayya da dawa zalla a karon farko

Duk wadda na tambaya yadda ake dafa burkutu amsarta ɗaya ce: a jiƙa dawa, ta tsira, a niƙa, a dafa, a bari ta tashi. Ba ƙarya ba ne, amma da wannan bayani mutum ba zai fitar da ko ƙwarya ɗaya da za a iya sha ba. Matan da suka iya aikin a hannunsu yake, ba a bakinsu ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda na bi shi daki-daki. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Jos, asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Pankshin. Tun bayan rasuwar Baba gonar acca tana hannun Mama, kuma a wajenmu ba a kiran gayya da baki kawai. Wanda zai yini a sunkuye yana yanka maka acca, da ƙwarya ake sallamarsa. Mama ce ke dafawa kowace shekara, bana ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwa gaban wuta. Ana iya saye a wurin masu dafa ta sayarwa, sai dai wasunsu suna ƙara garin rogo ko sukari don ta yi yawa, wasu har goskolo, wata barasa mai kaifi da ake haɗawa a gida, suke tsiyayawa don ta yi ƙarfi, mutanen ƙauyenmu kuwa kurɓa ɗaya suke yi su gane.

Na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya haramun ce a gare su, kuma a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci irin su Kano da Zamfara doka ma ta hana. Ko a nan Filato coci-coci da yawa sun hana mabiyansu. Ba talla nake yi ba. Wanda abin bai shafa ba zai iya tsayawa a kan bayanin tsiro, don shi ne dai ake sa wa kunun zaki.

Wurin Goggo na fara zuwa, ƙanwar Baba, wadda ta fi kowa hannu a danginmu. Ba ta tambaye ni kuɗi nawa nake da shi ba, ranar gayyar ta tambaya. Na ce Asabar ta farkon watan Nuwamba. Ta ƙirga da yatsu tana komawa baya, ta ce ran Litinin ta makon da ya gabaci na gayyar dole dawa ta shiga ruwa. "Burkutu ba ta jira, 'yata. In ta riga mutane ta yi tsami, in mutane suka riga ta kunu za ki ba su." Wato kwana 12 ne daga jiƙo zuwa sha, a sanyin ƙasarmu. A wuri mai zafi kamar Shendam ba ya kai haka. Wannan lissafin shi ne farkon abin da zan ce mutum ya yi kafin ya taɓa aljihunsa.

A lokacin yankan acca sabuwar dawa ba ta shigo ba, sai ta bara, ga tsada ga haɗari, don wadda ta daɗe a rumbu ba kowacce ke tsira ba. Mako guda kafin sayen na shiga kasuwar Litinin ta Pankshin na karɓi cikin tafin hannu na jar dawa daga wurin masu hatsi daban-daban. A gida na ƙirga ƙwaya 100 daga kowanne, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye. Da aka kwana uku na buɗe, ta mutum ɗaya kusan duka ta fito da fararen saiwoyi, ta wani kuwa rabi ma ba ta motsa ba, alhali a ido ta fi kyau. In abin da ya tsira bai kai 90 ba kada a saya, don ƙwayar da ta mutu ruɓewa take yi a cikin sauran ta ɓata su. Na aika wa mai wadda ta tsira da kafin alƙalami ya riƙe min buhun. Ranar saye Goggo ta cusa hannu har gwiwar hannu ta ɗebo daga tsakiya, ta shinshina ko akwai warin maganin ƙwari, ta ciza ta ji ko ta bushe, ta duba ramin ƙwaro. Rabin buhu muka ɗauka, mudu 40 da mudunmu, don mutum talatin da 'yan kai muke sa rai. Mama ta so a rage, Goggo ta ce in mai ƙarfi ake so to ba a rowar dawa.

Da yammar ranar muka sheƙe ta, muka wanke sau da yawa, duk abin da ya taso saman ruwa muka kwashe. Ta kwana a ruwa, da safe muka zubar muka sake sabo, aka bar ta har daren Talata. Sauya ruwan ba tsabta kaɗai ba ce, ƙwayar tana da rai kuma tana bukatar iska, in ta daɗe a ruwa ɗaya sai ta shaƙe ta fara wari. Alamar ta sha ruwa ita ce ta kumbura, kuma farce ya iya raba ta ba wahala. Muka tsane ta a kwanduna, muka baza a daɓen ɗakin da ba a kwana, kaurin shimfiɗar bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, muka rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Daga nan aiki ya zama na safe da yamma: a buɗe, a yayyafa ruwa, a juya da hannu a hankali don kada saiwoyin su sarƙe, a rufe. In aka sa hannu a ciki za a ji ɗumi, ga wani ƙamshi na ɗanyen abu mai daɗi. A kwana na uku wani lungu da ya taru da yawa kusa da bango ya yi funfuna mai launin kore. Goggo ta kwashe shi da na kewayensa ta kai bola, ko kaji ba ta ba. A nan ni da ita bakinmu ɗaya, don irin wannan funfunar tana iya haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta.

Ran Asabar da yamma, kwana huɗu cur, tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa, ƙwayar kuma in aka tauna tana da ɗan zaƙi, tana murjewa. Nan ake tsayar da ita. In aka bari tsiron ya yi tsawo, shi zai cinye abincin da ke cikin ƙwayar, a tashi da ganye ba giya ba. Muka shanya a kan tabarmi da fallen dutsen bayan gida, yara suna gadin kaji da awaki. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, ta taimaka, kwana biyu ta bushe ƙayau. Sai muka murje ta tsakanin tafin hannu muka sheƙe busassun saiwoyi da tsiron. Mata da yawa ba sa yin wannan, tare suke niƙawa. Ni na nace, domin ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, ita ce dai ke kashe saniyar da ta ci gyauron dawa, kowane makiyayi ya san wannan. Mafi yawanta a cikin tsiro da saiwar take, kuma doguwar tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya tana korar ragowar, amma cire ta tun farko bai ci mana ko yini ɗaya ba. Da muka sake aunawa mudu 40 ya koma ƙasa da haka sosai. Kada wannan ya tayar wa mutum hankali, haka tsiro yake, yana cin wani abu daga jikinsa.

Ran Talata muka kai injin niƙa. Mun tarar da layi, kuma matar da ke gabanmu barkono ta kawo, don haka muka ƙyale mutum biyu masu masara suka wuce mu, injin ya wanke bakinsa da nasu. A gaya wa mai inji ɓarza ake so, ba laushin garin tuwo ba. In ya yi laushi da yawa, ranar tacewa za a yi kuka.

Laraba ita ce ranar da ta fi kowacce, kuma ita ce babu wadda ta taɓa yi min bayaninta. Mun aro rabin duro guda uku daga maƙwabta, waɗanda aka san tun asali abinci aka zuba a cikinsu, ba fenti ko maganin feshi ba. Da sassafe muka dama garin da ruwan sanyi, muka juya da muciya har babu gudaji, sai Goggo ta ce a bar shi. Na ɗauka wuta za a hura. Ta ce in je in karya kumallo. Bayan wajen awa uku garin ya kwanta, wani ruwa ja-ja garai-garai ya taso sama. Ta ba ni ƙwarya ta ce in kwashe shi a hankali in zuba a randa, kada in tayar da na ƙasa. "Wannan ruwan shi ne ran giyar. In ya ga wuta yanzu, kin gama." Abin da ya rage a duro shi muka ɗora a murhu, ana juyawa ba tsayawa don kada ya kama, har ya tafasa ya yi kauri kamar talgen tuwo, muciya tana tsayawa a ciki. Muka janye itace aka bar shi ya huce. Goggo da bayan yatsa take gwadawa, ni na zo da ma'aunin zafi, kuma lokacin da ta ce ya yi, ma'aunin yana wajen digiri 75. Sai muka juye ruwan randar a kai muna motsawa, zafin ya sauko kusa da 65.

Ina riƙe da muciyar na ji tana sauƙi a hannuna. Abin da ɗazu sai da ƙarfi nake juya shi ya fara saki, ya tsinke, kafin a ɗebo ruwa daga rijiya a dawo ya zama ruwa-ruwa. Na ɗanɗana, ga zaƙi ya fara fitowa, alhali ko ƙwayar sukari ba a sa ba. Na ɗiga aidin a kan ɗan kaɗan a farantin tangaran, ya yi baƙi-shuɗi, wato da sauran sitaci. Muka rufe durorin da buhuna don su riƙe ɗumi. Bayan awa biyu na sake ɗigawa, aidin ɗin da ƙyar ya sauya launi, wato sitacin ya kusa ƙarewa.

Dalilin wannan rabe-raben shi ne, lokacin tsira ƙwayar tana ƙera sinadaran da ake kira enzayim, masu mayar da sitaci sukari. Suna aiki sosai tsakanin digiri 60 da 70, in zafi ya wuce haka da yawa su mutu. Shi kuwa sitacin dawa ba ya buɗewa yadda za su iya cinsa sai zafi ya kai wajen 70 ko fiye. Wato zafin da ke dafa sitacin shi ke kashe masu aikin. Sha'ir da Turawa ke yin tasu da shi ba shi da wannan matsala, don sitacinsa yana nuna a zafin da enzayim ke jurewa. Ko kamfanonin giyar kwalba sun sha fama da wannan bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma kan dawa. Kakanninmu sun warware ta da ƙwarya da randa: a janye masu aikin cikin ruwan sanyi, a dafa sitacin shi kaɗai, a dawo da su in ya huce. A ganina ƙarfin burkutu a nan ake samunsa ko a rasa shi, domin yisti ba ya yin barasa sai da sukarin da ya tarar. Mai zuba sukarin kanti ko goskolo, galibi tsironta ne bai yi ba, ko ta yi gaggawar wannan awa biyun.

Haka aka bar durorin a rufe suka kwana. Cikin dare, yayin da zafin ke sauka, ƙwayoyin bakteriya irin masu sa nono tsami suna nasu aikin, su ke ba burkutu ɗan tsamin nan nata, kuma tsamin yana hana wasu miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Tun kafin gari ya waye ran Alhamis Goggo ta tashe ni mu ɗanɗana. Ana son tsamin ya taɓa gefen harshe amma zaƙin ya fi shi. In aka makara rana ta ɗaga, tsamin zai ci zaƙin, kuma sukarin da ya tafi ba ya dawowa. Muka ɗora kwando a kan sanduna biyu bisa duro, muka shimfiɗa wankakken buhu a ciki, muka riƙa zubawa muna matsewa. Aikin yana cin baya. Ruwan farko muka tara shi daban. Dusar muka sake zuba mata ruwan zafi muka tace, wannan ruwa na biyu ya tafi tukunya dabam. Mai son yawa tana haɗa su. Mai son ƙarfi ba ta haɗawa, kuma daga baya na ga amfanin samun iri biyu.

Tafasar ta cinye yinin. Goggo ta tsoma kara a duron ta yi masa alama da wuƙa a bakin ruwan, ta yi wata alamar ƙasa da ita da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin ruwan, ta ce sai ya sauko nan za a sauke. Ba a rufewa, ana kwashe kumfar da ke tasowa, ana kula kada ya yi ambaliya a farkon tafasa. Ya ɗauke mu kusan awa shida. Launin ya koma ja mai duhu, yana ɗan danƙo a yatsa. A nan kuɗi ya fi zurarewa ba tare da na shirya ba: itacen da na saya tun farko ya ƙare da azahar, sai da aka sake aikawa, kuma jimlar kuɗin itace ta kusa kai rabin kuɗin dawar. Wanda zai yi, ya tanadi ninkin abin da yake zato, busasshe, don ɗanyen itace hayaƙi zai cika masa ido ya kuma shiga cikin giyar. Da aka sauke muka ɗebi bokiti ɗaya muka ajiye wa yara da 'yan'uwan da ba sa sha, don a wannan matakin babu barasa a ciki ko kaɗan, zaƙi ne kawai.

Sauran muka rarraba a manyan bahuna don ya huce da wuri. Abin tayarwa shi ne gindin tsohuwar giya, wato farar lakar da ke kwanta a ƙasan tukunya, yisti ne tsantsa. Mun karɓo daga wata maƙwabciya da ta dafa a makon, wadda Goggo ta yarda da tsabtarta. Ba a biya, amma ranar sha ana aika mata ƙwarya. Yistin burodi ma yana tayarwa in an rasa, sai dai ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Abin kiyayewa kada a zuba da zafi, ya sauko wajen digiri 30, yadda in an tsoma hannu ba a jin zafi ba a jin sanyi. Kafin mu zuba na ɗebi kaɗan na bar shi ya kwanta, na gwada da ma'aunin kaurin ruwa, mai nuna yawan sukarin da ke ciki, ya nuna 1.062. Muka juye a randuna, ba a cika su ba, aka rufe da faifai, aka lulluɓe jikinsu da tsofaffin barguna saboda sanyin dare. Kada a kuskura a toshe ta a jarka, iskar da take fitarwa tana iya fasa ta.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Rabin buhun dawa, kuɗin itace, mutanen da aka riga aka gaya wa, duk suna cikin randunan, kuma da na leƙa da tocila tsakar dare ko motsi babu. Goggo tana ta minshari. Da asuba na ɗaga faifai na tarar da kumfa ta rufe fuskar, tana ƙara a hankali, warin ya bugi hancina har na ja baya. Yinin Juma'a tana ta tafasa ba wuta. Safiyar Asabar kumfar ta fara faɗawa, ma'aunin ya nuna 1.018. In aka cire wannan daga na farko aka ninka da 131, ana samun kusan kashi 5.8 cikin ɗari na barasa. Burkutu galibi tana tsakanin kashi 3 da 6 ne, giyar kwalba kuma wajen 5, don haka tamu tana can sama. Mun samu kimanin jarka biyar ta mai ƙarfin da jarka biyu ta ruwa na biyu.

A gona Goggo ce ta tsara rabon, kuma tsarin nata ya kamata a kwaikwaya. Da rana, tare da abinci, ta ruwa na biyu aka ba masu aiki. Mai ƙarfin ba ta bari an buɗe ba sai da aka ajiye lauje, aka ɗaure dammunan acca. Ƙwaryarmu ta fi kwalba ɗauka, kuma mutumin da ya yini a rana bai san lokacin da ta kama shi ba. Samarin da suka zo a kan babur ƙwarya ɗaya-ɗaya ta ba su, wanda ya nemi ƙari ta ce ya ba ta makulli tukuna. Bisa al'ada mai dafawa ce ke fara kurɓa a gaban mutane, sannan a miƙa wa dattijon da ya fi kowa shekaru. Ya sha, ya goge baki da bayan hannu, ya tambayi Mama ko gwiwar ta warke ne. Mama ta nuna ni da baki.

Da na zauna na haɗa kuɗin dawa, itace, niƙa da ɗan abin da na ba yaran da suka yi ta ɗebo ruwa, ya zo kusan daidai da abin da za mu biya in saye muka yi, ban sa wahalar kwana 12 ba. Saboda haka wanda ke neman sauƙin kuɗi ba nan zai same shi ba. Mai farawa kuma ba sai ya fara da rabin buhu ba. Mudu biyar a tukunya ɗaya ya isa mutum ya ga yadda kaurin ke saki, ya san tsamin da ake nema, kuma in ta lalace asarar ba ta da yawa. Ma'aunin zafi yana da amfani ga wanda hannunsa bai saba ba, na kaurin ruwa kuwa ba dole ba ne. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne mutum biyu a ranar dama gari da ranar tafasa, don ɗaga duro da tata ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Ragowar da aka dawo da ita gida ran Lahadi bayan coci tana shayuwa, ta ƙara kaifi. Ran Litinin ta koma ruwan tsami, don da zarar yisti ya lafa iska ta samu shiga, wasu ƙwayoyin suna mayar da barasar binega. Dusar da muka tace maƙwabcinmu mai aladu ya kwashe, ya rage mana da ita kuɗin aron duro. Gindin randunan kuma Goggo ta kwashe a ƙaramar tukunya ta aika wa wata mata a unguwar gaba da ke da gayyar girbin dawa a ƙarshen wata.